Dutsen Kagoro da mutanen gindinsa: nazari a kan Ƙaramar Hukumar Kaura

Ƙaramar Hukumar Kaura tana can kudu maso gabashin Jihar Kaduna, a daidai inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasar jihar take ƙarewa, tsaunukan Filato su soma. Tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar, kuma tana maƙwabtaka da Jama'a da Zangon Kataf da Kauru, sannan ta gabas ta yi iyaka da Jihar Filato. Wanda ya shiga mota daga garejin Television a Kaduna, ya bi ta Kachia da Zonkwa da Samarun Kataf, tun kafin ya iso zai hango dutsen Kagoro ya tokare sararin sama, kuma duk inda ya juya a cikin ƙaramar hukumar da wuya dutsen nan ko 'yan uwansa na ƙasar Attakar su ɓace masa. Yawancin Hausawan birnin Kaduna sun san sunan Kaura ne ta labaran tashin hankali da ake ji a rediyo, wasu kuma ta hanyar wucewa zuwa Jos. Wannan nazari ya ɗauki wurin a matsayin misali na abin da ke faruwa idan dutse ne ya gina al'umma, ya tsare ta, yake kuma shayar da ita, amma mulki da ayyukan raya ƙasa suka tsaya a gindinsa ba su hau ba.

Yanayin ƙasar

Ƙololuwar dutsen Kagoro ta haura mita 1,200 daga doron teku, kuma dutsen iri ɗaya ne da duwatsun Filato waɗanda aka daɗe ana haƙar kuza a cikinsu. Abin da ya fi tsawonsa muhimmanci ga mazauna shi ne inda ya tsaya. Iskar damina da ke tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da danshin teku tana tafiya mai nisa a kan fili ba tare da wani abu ya tare ta ba, sai ta zo ta yi karo da wannan bango, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa ruwan da ake samu a nan a shekara yakan kai wajen milimita 1,500, ya ɗara na Zariya nesa ba kusa ba, damina kuma takan faɗi da wuri tun watan Afrilu ta kai har Oktoba. Wannan ruwa ne ya sa ake da kurmi mai duhu a kwazazzaban dutsen, irin wanda mutum zai zaci sai a kudancin Nijeriya, kuma gandun dajin Kagoro da na Nindam suna cikin wuraren da masana tsuntsaye na duniya suka ware a matsayin masu muhimmanci. Daga maɓuɓɓugan dutsen ne ƙoramu suke gangarowa, ciki har da ruwan da ke zuba a Matsirga kusa da Kafanchan, kuma daga gindinsa ake ɗiban wani ɓangare na ruwan famfon da yankin yake sha.

Ƙabilu uku ne suka fi yawa, kowacce da masarautarta: Kagoro da fadarsu a garin Kagoro, Marwa ko Moro'a da fadarsu a Manchok, sai Attakar waɗanda ake kira Takad, da fadarsu a Fadan Attakar. Harsunansu 'yan ɗaki ɗaya ne da harshen Katafawa, har suna fahimtar juna ba sai da tafinta ba. Tare da su akwai Hausawa 'yan kasuwa da masu sana'a a manyan garuruwa, da Fulani makiyaya a rugage. Hausa ce harshen kasuwa da tasha da asibiti, ita ce kuma harshen wa'azi da waƙa a majami'u da yawa tun bayan da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Zamanin da dutse yake garkuwa

Tarihin baka na mutanen Kagoro ya nuna cewa daga wajen tsaunukan gabas suka taso, suka yi zango a wurare kafin su kafu a kan dutsen da kewayensa. Dalilin zaɓen irin wannan mazauni a bayyane yake ga duk wanda ya san ƙarni na 19 a wannan yanki. Bayan jihadi an kafa masarautar Jama'a a ƙarƙashin Zazzau, kuma daga can da sauran wurare mahaya suna kai hari ƙauyukan fili don kama bayi da karɓar gandu. Ya kamata mu Hausawa mu faɗi wannan a fili, domin tarihi ne da jikokin waɗanda aka kai wa harin ba su manta ba, kuma yana ƙarƙashin maganganu da yawa da ake yi a yau ko da ba a ambace shi ba. Doki ba ya hawa santsin dutse, kuma mayaƙin da ya sauka daga kan dokinsa ya shiga lungun da bai sani ba ya zama abin harbi ga mai kwari da baka. Mutanen Kagoro sun riƙa gina gidajensu a manne da duwatsu, suna kewaye su da shingen ƙerana mai kauri, suna barin 'yan siraran hanyoyi masu karkacewa, suna kuma ajiye hatsi a kogunan dutse. Da haka suka kai ƙarshen ƙarnin ba su shiga hannun sarakuna ba.

Turawa ne suka karya wannan garkuwa da bindiga a farkon ƙarni na 20, bayan hare-hare fiye da ɗaya. Sai dai 'yancin da dutsen ya tsare ya bar alama a tsarin mulkin da ya biyo baya. Da yake Kagoro ba ta taɓa zama ƙarƙashin sarki ba, Turawa sun bar ta, ita da Marwa, a matsayin gundumomi masu zaman kansu, kamar yadda suka yi wa Jaba, kuma ko da aka haɗa su da Lardin Zazzau a shekarun 1930 ba a danƙa su ga En'e ta Zazzau ba. Maƙwabtansu Katafawa da Kaje, waɗanda ke zaune a fili, sun ci gaba da zama ƙarƙashin hakiman da ake turowa daga Zariya, kuma sai bayan shekaru masu yawa da rigingimu masu zafi suka sami masarautunsu. Tazarar da ke tsakanin Kagoro da Zangon Kataf ba ta da yawa a mota, amma a tarihin sarauta dutse ya raba su da kusan ƙarni guda.

Saukowa

Abubuwa uku suka jawo mutane ƙasa, kuma duk sun zo kusan lokaci ɗaya. Mulkin mallaka ya fi son talakawa su zauna inda jami'in haraji zai same su. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso Kafanchan, kuma a 1927 aka buɗe reshen da ya bi ta Kagoro da Manchok ya hau Filato zuwa Jos, aka kafa tashoshi a garuruwan biyu, kasuwa ta biyo tasha, Hausawa fatake da mahauta da maɗinka suka biyo kasuwa. A cikin shekarun 1920 ɗin kuma 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka kafa mazauni a Kagoro, makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da suka buɗe a farkon shekarun 1930 ita ce ta girma ta zama makarantar tauhidi ta cocin ECWA da ke nan har yau, ga kuma kwalejin koyon aikin lafiya da makarantun sakandare da suka biyo baya. Kagoro ta zama garin 'yan boko tun da wuri, ta fitar da malaman makaranta da fastoci da ma'aikatan jinya da suka bazu a faɗin Arewa.

Mutumin da ya fi kowa wakiltar wannan sauyi shi ne Malam Gwamna Awan, malamin makarantar mishan da ya hau sarautar Kagoro a 1945 ya riƙe ta har rasuwarsa a 2008, shekara 63 ke nan. A zamaninsa ne bikin Afan, wanda asalinsa al'adar tsarkake dutse ce da buɗe farauta bayan an gama girbi, ya koma ranar 1 ga Janairu, ya zama taron shekara da 'yan gari ke dawowa dominsa daga Kaduna da Abuja da Legas, maharba su fito da kayansu, a yi rawa a gaida sarki. A Manchok ma an yi doguwar sarauta, domin Malam Tagwai Sambo ya riƙe masarautar Marwa daga 1966 har 2024. Mutanen Attakar, waɗanda ƙasarsu ta fi ta kowa duwatsu da wuyar shiga, su ne suka fi jinkirin samun masarauta tasu, kuma su ne har yanzu suka fi nisa da kwalta. Wannan jeri bai zo bisa tsautsayi ba: gwargwadon kusancin al'umma da tashar jirgi da gidan mishan a 1930, gwargwadon rabonta a makaranta da aikin gwamnati a yau.

Rayuwar yau, ƙasa da sama

Noma ne abin dogaron mafi yawan gidaje. Ana shuka masara da dawa da dauro da acca, ga gyaɗa da wake, ga doya da gwaza da rizga da dankali, a fadamu kuma shinkafa da kayan lambu. Citta ce amfanin da ke kawo kuɗi a dunƙule a kudancin Kaduna, kuma annobar da ta faɗa mata a daminar 2023 ta karya manoma da yawa a yankin, ta kuma sa iri ya yi tsada a shekarun da suka biyo. Ana kiwon aladu da awaki da kaji, ana kuma ɗora amya a kan itatuwa don zuma. Mata ne ƙashin bayan wannan tattalin arziki, su ne a gona, su ne a sussukar acca wadda aiki ne mai cin rai, su ne kuma a kasuwa.

Hanyar mota da ta tashi daga Kafanchan ta ratsa Kagoro da Kaura da Manchok, ta wuce Ganawuri da Vom zuwa Jos, ita ce jijiyar ƙaramar hukumar, musamman da yake an daɗe rabon da jirgin fasinja ya riƙa zirga-zirga a kai a kai a tsohon layin dogon. Sakatariya da babban asibiti da manyan makarantu, har da Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya da ke Manchok, duk a gefen wannan hanya suke ko kusa da ita. Wanda ke zaune a nan yana da acaɓa da mota da kantin magani da layin waya.

Amma ba kowa ya sauko ba. Akwai unguwanni a kan dutsen Kagoro da cikin tsaunukan Attakar inda har yanzu ƙafa ce abin hawa. Duk abin da zai hau, daga buhun taki zuwa kwanon rufi da siminti, a ka ake ɗaukarsa, duk abin da aka noma kuma a ka yake saukowa. Wannan yana nufin manomin kan dutse yana sayen taki da tsada fiye da na ƙasa, yana kuma sayar da amfaninsa da ribar da ɗan dako ko gajiyar matarsa ta riga ta cinye. Malamin da aka tura makarantar firamare ta can sama, in ba ɗan wurin ba ne, yakan kama ɗaki a ƙasa ya riƙa hawa ranar da ya iya, da damina kuma, lokacin da dutse ke santsi ƙoramu suka cika, ranakun da ya iya sukan ragu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne matsalar mace mai naƙuda da ta wuce ƙarfin ungozoma, ko wanda maciji ya sara, domin sai an sami majiya ƙarfi sun ɗauko shi sun gangaro da shi kafin a fara maganar mota. Iyali da ya ga irin wannan sau ɗaya yakan fara neman fili a ƙasa, kuma waɗanda ke fara tafiya su ne matasa.

Mai duba kasafin kuɗi zai iya cewa wannan ƙaura ita ce maganin matsalar, tunda kai aiki wurin mutum ɗari a kan dutse ya fi tsada a kan kai shi wurin mutum dubu a bakin titi. A ganina wannan lissafi bai cika ba, domin ya manta da abin da mazauna sama suke yi wa na ƙasa ba tare da an biya su ba. Su ne ke gyara 'yan katangun duwatsu da ke riƙe ƙasar gona a gangare, kuma idan aka bar gangare babu mai kula da shi, ruwan sama mai ƙarfi irin na nan yakan kwashe ƙasar ya cika ƙoramu da yashi. Su ne suka san wanda ya shiga kurmi da zarto ko ya haƙa ramin gawayi, a lokacin da tsadar gas da kananzir ta sa buƙatar gawayi a birane ta ƙaru. Kurmin da ke kan maɓuɓɓuga shi ne ke sa ruwa ya nutse a ƙasa ya riƙa fitowa a hankali har cikin rani, saboda haka itacen da aka sare a sama a bana raguwar ruwa ce a famfon ƙasa nan da 'yan shekaru.

Tsaro

A nan ne sauyin matsayin dutsen ya fi ciwo. Tun bayan rikicin da ya biyo zaɓen 2011, wanda ya lashe rayuka masu yawa a kudancin Kaduna, ciki har da Hausawa da Fulani da dama a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, yankin bai koma yadda yake ba. A 2013 an kai hare-hare ƙauyukan Attakar, mutane suka gudo daga kan tsaunuka. A watan Maris na 2014 an kashe fiye da mutum 100 a dare ɗaya a ƙauyukan Marwa. A ƙarshen 2016 gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaura da wasu maƙwabtanta. A Satumban 2021 gwamnati ta tabbatar da kashe mutum 34 a ƙauyen Madamai na Kaura, washegari kuma aka kashe mutum 8 a harin ramuwar gayya a Kacecere ta Zangon Kataf. A ƙasar Kagoro an sake kai hari Agban a Maris na 2022, sannan Malagum a Disambar wannan shekara. Mazauna ƙauyukan suna ɗora laifin a kan makiyaya masu ɗauke da makamai, shugabannin makiyaya kuma suna kukan ana kashe musu yara da shanu a daji ana kuma korarsu daga rugagen da suka gada. Kowane gida da ya binne nasa yana da gaskiyar baƙin cikinsa, kuma rashin hukunta masu laifi a gaban kotu shi ne ya bar ƙofar ramuwa a buɗe.

Abin da ya shafi wannan nazari shi ne rawar da yanayin ƙasa yake takawa. Kwazazzabai da kogunan da suka ɓoye kakannin mutanen nan daga mahaya su ne yanzu maharan ke bi su shigo su fice, sojan da ke cikin mota kuma ya tsinci kansa a matsayin mahayin da: iyakarsa inda hanya ta ƙare. Ga shi tsaunukan sun ratsa iyakar jihohi biyu, ta yadda wanda ya yi ɓarna a ɓangaren Kaduna zai iya kwana a ɓangaren Filato. Duk ƙauyen da aka watse a kan tsauni kuma ya zama wani sabon fili da babu idon kowa a kansa.

Akwai tsohuwar hulɗa da rikicin ya lalata wadda ta cancanci a tuna da ita, domin ta tattalin arziki ce, ba ta fatar baki ba. Bayan girbi manomi yakan gayyaci Bafulatani ya sauke garkensa a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, matan Fulani su kawo nono kasuwa su sayi hatsi. Ardo ya san dagaci, dagaci ya san ardo, kuma idan saniya ta yi ɓarna akan kai magana gaban mai unguwa a yanka diyya kafin rana ta faɗi. Yawan jama'a ya sa noma ya cinye burtali da mashaya a wurare da yawa, takin zamani ya rage buƙatar kashin shanu, baƙin garkuna da ba su san kowa ba suka ƙaru. A kan wannan kuma, a 2017 gwamnatin jiha ta rage yawan gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, tare da rage dagatai. Ko da dalilin rage kashe kuɗi yana da ƙarfi, a ƙasar da tafiya tsakanin ƙauye da ƙauye take cin sa'o'i, nisantar da mai sasanci daga wurin da rigima ke tasowa yana da nasa farashin.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma

Kama 'yan bindiga da gurfanar da su aikin gwamnatin tarayya da ta jiha ne, kuma ba za a ɗora wa shugaban ƙaramar hukuma abin da ba shi da iko a kansa ba. Amma makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da hanyoyin karkara da kasuwanni suna cikin abin da tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi hannu a ciki, kuma hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya rage uzurin da aka saba bayarwa, idan har an aiwatar da shi yadda ya kamata. Ɗan Kaura ya taɓa kaiwa kujerar mataimakin gwamna, wato marigayi Barnabas Bala Bantex daga 2015 zuwa 2019, wani kuma, Danjuma La'ah, ya wakilci Kaduna ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2015 zuwa 2023, saboda haka ba rashin murya ne ya hana aiki hawa dutse ba. Yadda ake raba aikin ne bai yi la'akari da gangare ba.

Ba a buƙatar kwalta har ƙololuwa. Abin da zai canja rayuwar unguwannin sama ƙanana ne idan aka gwada da manyan kwangiloli: gyara hanyoyin ƙafa da sassaƙa matakala a wuraren santsi, ɗora 'yan gadoji a kan ƙoramun da ke yanke hanya da damina, da faɗaɗa inda zai yiwu har babur ya wuce. Malami da ma'aikacin lafiya da za su zauna a can ya kamata a ɗauko su daga 'ya'yan wurin, tunda kwalejin aikin lafiya tana nan Kagoro, a gina musu ɗakin kwana a ba su alawus na musamman, a sa wutar sola da za ta riƙe firjin allurar rigakafi da maganin sarar maciji. Kurmin kan maɓuɓɓuga kuma a sa mazauna su zama masu gadinsa da albashi, a fitar da kuɗin daga abin da ake samu na ruwa da na masu zuwa hawan dutse lokacin bikin Afan, waɗanda a yanzu suke hawa su sauka ba tare da unguwannin da suka ratsa sun ga wani abin kirki ba. Sannan shugabannin Kaura da na Riyom a Filato, tare da sarakunan uku da ardo-ardon ɓangarorin biyu, suna bukatar zama na dindindin da ake yi kafin shanu su fara tafiyar rani da kuma kafin shuka, a tantance burtalin da ya rage da mashayar da kowa zai bi, a rubuta, a ba kowane dagaci kwafinsa.